Iyakar Dalma: Harsashin Zubi da Tarihin Bindiga a Kudancin Katsina

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Musawa, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, ya san bindigar baushe, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu kuma cikin zolaya su ce mata harba-ka-ruga. Ya gan ta a kafaɗar maharbi bayan an kawar da amfanin gona, ya ji ƙararta ranar hawan salla, a shekarun baya-bayan nan kuwa ya gan ta a hannun manomin da ke tsaron bakin gari da dare. Jama'a sun saba da ita ƙwarai, har ba kasafai ake tambayar dalilin da ya sa ta tsaya inda ta tsaya ba, alhali bindigogin wasu ƙasashe sun yi nisa.

Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, gudun harsashi yana da iyaka iri biyu. Ta farko ita ce ƙarfin bututun da aka harba shi daga ciki. Ta biyu ita ce taushin dalmar da aka zuba shi da ita. Turawa sun ƙetare iyakokin nan biyu a cikin shekaru arba'in, watau daga wajen 1850 zuwa 1890, sa'an nan suka kafa dokar da ta tsare Afirka a bayan ta farko. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka cewa abin da ya raba maƙerin ƙauye da masana'antar Ingila ƙwazo ne ko jarunta, alhali kuwa sha'ani ne na ƙarfe da na siyasa.

Halin Dalma

Dalilai uku suka sa aka zaɓi dalma don harsashi tun farkon bayyanar bindiga. Na ɗaya, tana da nauyi, domin ta fi baƙin ƙarfe nauyi da kusan rabi idan girmansu ɗaya, saboda haka iska ba ta saurin kashe mata gudu. Na biyu, tana narkewa da zafi kaɗan, digiri 327 a ma'aunin Salsiyas, wanda garwashin murhu ma yana kai wa, alhali baƙin ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500. Na uku, tana da taushi, har farce yana yi mata zane, don haka ba ta cin bututun bindiga.

To, amma taushin nan da ya zama alherinta shi ne kuma aibinta. Idan aka harba harsashin dalma da gudu mai yawa, sai ya riƙa barin jikinsa a bangon bututu, kamar yadda alli ke barin jikinsa a allo. Masana sun gano hanyoyi uku da hakan ke faruwa. Idan harsashin bai cika bututun ba, iskar wuta mai matsi takan tsere ta gefensa, ta yanki dalma daga gindinsa ta watsa ta gaba. Idan kuma bututun yana da tsaga mai murɗewa a cikinsa, wadda ake yi don ta juya harsashi ya tafi sak, to dalma mai taushi takan kasa riƙe tsagar idan turin ya yi tsanani, sai ta zame, tsagar ta kankare ta. Hanya ta uku ita ce gugar jiki da jiki, sa'ad da man da aka shafa wa harsashin ya ƙare tun bai kai bakin bututu ba.

Sakamakon duka ɗaya ne. Dalma takan cike tsagar, harbi ya daina zuwa inda aka auna, hanyar harsashi ta ƙuntata, matsin da ke cikin bututu ya ƙaru. Masu zuba harsashi da hannunsu a Amurka da Turai, waɗanda suka daɗe suna gwada wannan al'amari, sun tarar cewa dalma zalla ba ta jimre gudun da ya wuce wajen mita 300 a sakan ɗaya, watau ƙasa kaɗan da gudun sauti, wanda yake wajen mita 340. Idan aka gauraya ta da kuza da antimoni ta yi tauri, kamar irin ƙarfen da maɗaba'u ke zuba haruffa da shi a da, takan kai wajen mita 450. Idan aka sa wa gindinta ɗan murfin jan ƙarfe, dabarar da ta fito a Amurka a farkon ƙarni na 20, takan kai wajen mita 600 ko fiye kaɗan. Daga nan kuwa sai wahala ta fi riba. Wannan ita ce iyakar dalma.

Zuwan Bindiga Ƙasar Hausa

Tarihin Kano ya ambaci cewa an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin masu tsaronsa. A Barno abin ya riga haka, domin Mai Idris Aloma ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa tun a ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta.

Duk da haka bindiga ba ta zama ginshiƙin yaƙi ba. Jihadin da aka fara a 1804 da baka da mashi da takobi aka yi shi. Sa'ad da Bature mai yawon bincike Kilafaton ya halarci yaƙin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa a Konya a 1826, ya ga mayaƙa dubbai, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba. Ya kuma lura cewa mai bindiga yakan matso ya harba, sa'an nan ya ruga baya don ya sake ɗuri. Barth, wanda ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya tarar ruwan takubba na Solingen ta ƙasar Jamus sun cika kasuwa, bindigogi kuwa kaɗan ne.

Akwai hujja mai ƙarfi ga wannan. Bindigar wancan zamani mai santsin ciki ce, ba ta da tsaga, ta baki ake ɗura ta, ƙanƙara ke ba ta wuta. Ba ta da tabbas idan abin harbi ya wuce taku ɗari. Albarushinta, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, fiye da rabinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, sai ya zama hayaƙi da dauɗa, ya toshe bututu bayan 'yan harbe-harbe. Da damina kuwa yakan ja laima ya ƙi tashi. Gwanin baka mai kibiya da dafi zai saki kibau da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan bindiga ba ta cika fama da mannewar dalma ba. Ba ta da tsagar da za ta kankare harsashi, tsumman da ake tusawa tare da shi yakan raba shi da bango, gudunta kuma ba ya kai matsayin da dalma za ta gaza. Iyakar da mai ita yake cin karo da ita ta farko ce, watau ƙarfin bututu. Bindigogin fatauci da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam don kasuwar Afirka masu araha ne, ƙarfensu ba shi da kyau, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai harbi.

Kudancin Katsina a Ƙarni na 19

Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi. Daga can suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina kusan ƙarnin nan duka, musamman a zamanin Ɗan Baskore, da kuma na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarni. Dajin Rugu, wanda yake yamma da ƙasar Musawa, shi ne mafakar mahara da hanyarsu ta zuwa kudu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, ya yi bayanin yadda yaƙe-yaƙen nan suka shafi zaman garuruwa da ƙaurar jama'a. Abin da ya tsare manomin wancan lokaci ganuwa ce da gwalalo da sarƙaƙiyar ƙaya da baka. Bindiga ta sarakuna ce da bayinsu.

A rabin ƙarshe na ƙarnin ne bindiga ta fara yawa a ƙasashen da ke kewaye. Sarkin Nupe Masaba, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, ya sami makamai daga Turawan fatauci na Kwara. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an haɗa albarushi an kuma zuba igwa a Zindar. Sarkin Zazzau Yero ya kafa rundunar bayi 'yan bindiga a shekarun 1890. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, yana da masu gyaran bindiga da masu sake ɗura kwanson harsashi a Dikwa. Can yamma kuma maƙeran Samori Ture har kwaikwayon bindigogin Faransa masu ɗuri ta baya suka yi. Wannan ya isa shaida cewa basira ba ta yi ƙaranci ba. Amma dukansu da baƙin albarushi da dalmar zubi suke aiki, kuma a daidai lokacin nan ne Turai take fita daga zamanin waɗannan abubuwa biyu.

Yadda Turai ta Ƙetare Iyaka

An san amfanin tsaga mai murɗewa tun da daɗewa, sai dai tura harsashi mai matse jiki ta baki yana da wuya. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minie ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda yake shiga da sauƙi, idan an harba kuma ya buɗe ya kama tsagar. A nan taushin dalma ya yi amfani. Amma tun daga ranar da dalma ta fara gugar tsaga, matsalar mannewa ta taso, aka shiga neman magani. Aka shafa kitse da kakin zuma. Kitsen nan ma yana da nasa tarihi, domin zancen cewa an shafa wa harsasan bindigar Enfield kitsen shanu da na alade yana cikin abubuwan da suka tunzura sojojin Indiya, Musulmi da Hindu, suka yi wa Ingilishi tawaye a 1857.

Bindigar Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya ɗauka a 1871, ita ce ƙololuwar zamanin dalma. Bututunta na ƙarfe ne mai kyau, ta baya ake ɗura ta. Harsashinta mai nauyin giram 31 an taurara shi da kuza, an naɗe shi da takarda don kada dalma ta taɓa bango, duk da haka gudunsa bai wuce wajen mita 410 a sakan ba. Iyakar farko an ƙetare ta ke nan, saura ta biyu.

A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya barin dauɗa. Da wannan albarushi ana iya tura harsashi fiye da mita 600 a sakan, amma dalma tsirara ba za ta jimre ba. Maganin ya riga ya fito daga Suwizalan, inda wani hafsa mai suna Eduard Rubin ya sa wa dalma rigar jan ƙarfe a 1882. Dalma tana ciki tana ba da nauyi, riga tana waje tana ɗaukar guga da zafi. Faransa ta haɗa dabarun nan biyu a bindigar Lebel a 1886. Ingila ta bi da Lee-Metford a 1888, sa'an nan Lee-Enfield a 1895.

Ribar wannan ba ƙarama ba ce. Ƙarfin bugun harsashi yana ninkuwa huɗu idan gudunsa ya ninku biyu. Harsashi mai gudu yana tafiya a miƙe, ba ya bukatar a yi ta kintatar nisa. Ya kuma ƙanƙance, soja ya ɗauki da yawa. Daɗin daɗawa, bindigar Maxim mai sarrafa kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1884, tana zubar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya, ta sami abincin da ba ya toshe ta.

Amma fa akwai abin da ya fi dukan waɗannan muhimmanci ga tarihin ƙasar Hausa. Harsashin dalma kowane maƙeri yana iya zuba shi a gindin bishiya. Harsashi mai riga kuwa, da kwansonsa na tagulla, da albarushinsa marar hayaƙi, sai masana'anta mai injuna da ilmin haɗa magunguna. Daga ranar nan ikon yin makami ya bar hannun mai sana'a ya koma hannun ƙasa mai masana'antu.

Dokar Birasal da Shekarar 1903

A watan Yuli na 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Birasal, da sunan hana cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu tsaga da masu ɗuri ta baya, a yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, wanda ya haɗa da ƙasar Hausa duka. Abin da aka bari a sayar shi ne bindigar ƙanƙara marar tsaga da albarushin fatauci. Watau a daidai lokacin da Turai ta ƙetare iyaka ta biyu, sai ta rubuta a takarda cewa Afirka ta zauna a bayan ta farko.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba harsashi mai riga kaɗai ya ci ƙasar nan ba. Dakarun Kamfanin Neja da suka ci Bida a 1897 da bindigar Snider suka yi yaƙi, wadda harsashinta dalma ce. Ɗuri ta baya, da tsaga, da igwa, da Maxim, da horon tsayuwa a sahu, sun riga sun isa. Harsashi mai riga ya zo ne ya ƙara faɗin ratar da ta riga ta buɗe, ya kuma yanke fatan a cike ta da aikin maƙera.

Rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba ta kai mutum dubu ɗaya masu ɗaukar makami ba. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Katsina kuwa, a ƙarƙashin Sarki Abubakar, ta karɓi Lugga a ƙarshen Maris ba tare da yaƙi ba. Wanda ya san abin da ya faru a ganuwar Kano ba zai yi saurin ɗora wannan a kan tsoro ba. Mahayin da ya saba rufe taku ɗari a guje kafin mai bindiga ya sake ɗuri, yanzu an fara harbinsa tun yana nesa da taku ɗari biyar.

Bindigar Baushe a Zamanin Zaman Lafiya da Bayansa

Da hare-hare suka ƙare, jama'a suka fito daga ganuwa suka bazu a dazuzzuka, noman auduga ya bunƙasa, jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Bindiga ta sauko daga hannun bayin sarki ta zama kayan maharba da masu korar birai da gyado daga gona. Dokar makamai ta Nijeriya da ta fara aiki a 1959 ta kasa bindigogi gida uku, watau haramtattu, da na ƙashin kai masu bukatar lasin, da masu ɗuri ta baki. Rabon nan, idan aka duba, jikan yarjejeniyar Birasal ne.

Maƙera suka ci gaba da aikinsu da abin da zamani ya kawo. A maimakon bututun Birmingham sai bututun famfo da ƙarafan tsofaffin motoci, waɗanda ba a yi su don ɗaukar matsin wuta ba, ba a kuma gwada su kamar yadda dokar Ingila ta tilasta a gwada kowane bututu a gidan gwaji na Birmingham tun 1813. A maimakon dalmar fatake sai ta tsohon batir, ko guntayen ƙarfe waɗanda suke ƙarce bututu suna rage masa kauri.

Daga wajen 2011, bayan rushewar gwamnatin Libiya da yaɗuwar makamai a yankin Sahel, dajin Rugu ya koma irin matsayinsa na ƙarni na 19. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020 ya nuna wa duniya girman abin. Ɗan fashin daji yana riƙe da AK-47, mai ɗaukar harsashi 30, kowanne da riga, kowanne yana fita da gudun da ya haura mita 700 a sakan. Ɗan sa-kai na ƙauye yana riƙe da baushe mai harbi ɗaya. Rata ce irin ta 1903, sai dai a wannan karo masu harbin da waɗanda ake harbi duk 'yan ƙasa ɗaya ne.

A nan ne jahilcin iyaka yake kisa. Mai baushe da ya ga an fi shi yakan yi zaton ƙarin albarushi zai cike gurbi. Ba zai cike ba. Baƙin albarushi yana da matsayin da idan an wuce shi ƙarin gudu kaɗan ne, ƙarin matsi kuwa mai yawa, kuma dunƙulen harsashi marar tsaga ba zai tafi sak ba ko da wane gudu ya fita. Mafi muni shi ne zuba albarushin harsashin zamani a bututun gida, domin wannan ba bindiga ba ce kuma, bam ne a kusa da fuskar mai shi. Narka dalmar batir a tsakar gida ma yana da nasa haɗari, domin gubarta tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400, ya isa gargaɗi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abu ɗaya a fili. Dalma tana da iyaka, bututu yana da iyaka, kuma ba a ƙetare su da zafin zuciya, sai da ilmin ƙarfe da masana'anta da hukuma mai tsari. Tanimun da Rabe da Samori sun kai aikin hannu matuƙarsa, bai ishe su ba. Saboda haka kuskure ne babba a bar wa manomin Musawa da maƙerin garinsu nauyin da sarakuna masu dubban mayaƙa suka kasa ɗauka. Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, wanda yake amincewa ne da cewa tsaro aikin hukuma ne mai bukatar horo da kayan aiki. Ma'aunin da za a auna irin wannan yunƙuri da shi mai sauƙi ne, watau ko manomi ya iya kwana a gidansa, ya mayar da baushe bango inda kakansa ya rataye ta, ya ɗauki fartanya ya tafi gona.